Shin Ko Kun San? Bindigar Mazan Jiya Da Turawa Ke Tarawa

Shin ko kun san cewa doguwar bindigar nan mai jikin katako, wadda 'yan sandan zamanin da suke ratayawa a ƙofar baitulmali da bakin kotu, wadda dattawanmu ke kira Mak Fo, a yau kayan marmari ce a Amurka da Ingila da Kanada? Mutane na zuba kuɗi su saya, su goge ta, su jera a kabad, ranar hutu su ɗauka su tafi filin harbi. Sunanta na yanka Lee-Enfield. James Paris Lee, haifaffen Sikotilan, shi ya tsara sakatarta da gidan harsashinta, Enfield kuwa unguwa ce a arewacin Landan inda masana'antar makaman gwamnatin Ingila take. Samfurin farko ya fito a 1895, wanda ya fi shahara ya biyo baya a 1907, wadda muka fi sani kuma, mai lamba huɗu, ta shiga hannun soja a 1941. An ƙera wajen miliyan 17, a Ingila da Indiya da Ostireliya da Kanada da Amurka.

Shin ko kun san abin da ya sa ake ce wa irinta bindiga mai sakata? A bayan bututun akwai wani ƙarfe mai ɗan hannu da ƙulli a kansa, aikinsa irin na sakatar ƙofa. Soja zai ɗaga hannun sama, ya ja baya, kwanson harsashin da ya harba ya yi tsalle ya faɗi gefe. Ya tura gaba, sakatar ta kwaso sabon harsashi ta cusa a bututu. Ya danna ƙasa ta kulle, sannan ya ja kunama. Kowane harbi sai an yi wannan. Cikinta na ɗaukar harsashi 10, alhali takwarorinta na Jamus da Rasha da Amurka biyar-biyar suke ci. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ana bukatar ƙwararren sojan Ingila ya saki harsashi 15 cikin minti ɗaya a kan abin bara mai nisan yadi 300.

Ko kun san cewa a gindinta akwai ɗan murfi, wanda in aka buɗe za a tarar da kwalbar mai da igiya mai ƙarfe a baki? Da igiyar ake jan tsumma ta cikin bututu. Harsasan wancan zamani suna barin gishiri bayan harbi, gishirin ya jawo raɓa, tsatsa ta cinye cikin bindiga. Maganinsa tafasasshen ruwa: a ɗora mazurari, a kwarara, a tsane, a shafa mai. Masu tara tsofaffin bindigogi har gobe haka suke yi idan sun harba tsohon harsashi.

Shin ko kun san cewa ba ganganci ko rashin wayo ne ya bar kakanninmu da bindigar toka ba? Doka aka kafa a kansu. A ranar 2 ga Yuli 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Burasal na Beljiyam, suka hana sayar wa mutanen Afirka bindigogin zamani, tun daga tsakiyar Sahara har zuwa kusa da Afirka ta Kudu. Abin da aka bari a sayar shi ne bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki. Sun ce don hana cinikin bayi suka yi, amma duk mai hankali ya ga wanda dokar ta yi wa rana. Wannan bindigar ce har yanzu maharbi ke saɓawa a Saulawa ko Ikara idan rani ya yi an fita farauta, ita ce kuma 'yan bindiga ke bugawa a hawan salla. Ku dube su da kyau a gaban sarki: a zuba albarushi, a cusa tsumma, a daddage da sanda, a ɗana, a buga, hayaƙi ya turnuƙe, sannan a sake komawa farko. Kafin mai irin wannan ya gama ɗuri ɗaya, mai bindiga mai sakata ya kusa ƙarar da cikinsa.

Ba wai sarakunanmu ba su san darajar bindiga ba ne. Sarkin Zazzau Yero ya tara rundunar 'yan bindiga a shekarun 1890, Sarkin Damagaram Tanimu kuwa har igwa ya sa aka zuba masa a Zindar. Rabe, wanda ya ci Barno a 1893, da ƙarfin bindiga ya ci ta. Sai dai abin da ke shigowa ta Sahara ko ta Kwara kaɗan ne, gauraye, kowace da irin harsashinta, in ya ƙare kuma shi ke nan.

Shin ko kun san cewa rundunar da ta ci Kano ta ƙasar nan tamu ta ratsa? A ƙarshen Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da sojoji baƙar fata sama da 700, da igwa huɗu, da bindigogi masu jigida huɗu samfurin Maxim. Ya yi arewa ta yankin da ke tsakanin Zariya da iyakar Kano, inda Kudan da Makarfi suke a yau, ya fasa Bebeji, ranar 3 ga Fabrairu ya shiga Kano. Ranar 15 ga Maris aka yi yaƙin Sakkwato, ba a kai awa biyu ba. Dabararsu a buɗaɗɗen fili ita ce: sojoji su tsaya murabba'i, kafaɗa da kafaɗa, fuska waje, a yi ta sakin wuta bisa umarni. Barade masu sulke da lifidi su sukwano, amma dawakin ba sa isowa. Ranar 27 ga Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi tare da ɗaruruwan mutanensa. Wanda ya ce mazajen nan ragwaye ne bai yi musu adalci ba. Sun tunkari wutar da ba su taɓa ganin irinta ba, da takobi da mashi da kibiya.

Ga kuma abin da ke da ɗaci a faɗa: yatsun da suka ja kunamar nan mafi yawansu namu ne. Turawan kaɗan ne, hafsoshi. Sauran Hausawa ne da Yarabawa da Barebari da Nufawa da sauransu. Tun 1863 John Glover ya kafa 'yar rundunar Hausawa a Legas, wadda ake lissafawa a matsayin tushen sojan Nijeriya. A 1897 aka ɗora wa Lugga kafa Rundunar Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma, kuma Hausa ce ta zama harshen bariki, har Baturen hafsa sai ya koye ta.

Ko kun san cewa akwai ranar da gatari da fartanya suka rinjayi bindiga? Ranar 14 ga Fabrairu 1906, a Satiru kusa da Sakkwato, talakawa suka auka wa sojan doki kafin su gama jeruwa, suka kashe Turawa uku da sojoji 25, suka kama bindiga mai jigida. Ranar 10 ga Maris aka dawo musu da ƙarfi, aka kashe mutum wajen 2,000, aka shafe garin.

A ƙetaren iyaka, Faransawa da nasu suka zo. Shin ko kun san cewa bindigarsu Lebel, ta 1886, ita ce bindigar soja ta farko a duniya da ta yi aiki da albarushi marar hayaƙi? Kafin ita, duk wanda ya harba hayaƙi ya tona inda yake. Bayan ita, sai dai mutum ya ji ƙara ya ga na kusa da shi ya faɗi. Ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine, wanda ya yaƙi Sarauniya Mangu a Lugu ya kuma ƙone Birnin Ƙonni a 1899, da ƙarfin bindigogin Faransa ya yi wannan ta'asa. A 1907 ma Faransa ta fitar da wani samfurin bindigar Berthier musamman domin sojojinta baƙar fata. Da Kawusan, jagoran Abzinawa masu tawaye, ya kewaye barikin Faransa na Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, bindigogin Italiya ne a hannun mutanensa, waɗanda aka ƙwace a Libiya.

Shin ko kun san cewa harsashin farko da wani sojan Ingila ya harba a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a Turai aka harba shi ba? A Togo ne, cikin Agusta 1914, kuma wanda tarihi ya ba wannan matsayi shi ne Alhaji Grunshi na rundunar Gwalkwas, wato Ghana ta yau.

To ga mutumin da ya kamata kowane ɗan makaranta ya sani: Chari Maigumeri, ɗan ƙasar Barno. Da farko sojan Jamus ne a Kamaru, inda ya riƙe bindigar Jamusawa. Aka kama shi a Garwa a 1915. Daga baya ya shiga rundunar Nijeriya, ya karɓi Lee-Enfield, ya tafi Gabashin Afirka ya yaƙi Jamusawan da ya yi wa aiki jiya. Da Yaƙin Hitila ya ɓarke ya je Habasha ya kara da Italiya, ya je ƙasar Bama ya kara da Japan. Ya kai muƙamin babban samanja, ya samu lambobin yabo, ya ajiye aiki a 1953. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi. Mutum ɗaya ya ga yaƙin duniya biyu, ya yi wa dauloli biyu aiki, kuma duk a kan rigimar da ba ta garinsu ba ce.

Ko kun san cewa sunayen barikokin da muke wucewa kullum sunayen filayen daga ne? Barikin Chindit na Zariya, inda Daffo yake, wurin da ake horar da kuratan soja tun 1924, ya samo sunansa daga rundunar Janar Wingate, wadda aka sauke ta jirgin sama a bayan sahun Japanawa a dajin Bama a 1944. Bataliya uku ta 'yan Nijeriya na cikinta. Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Arakan da Myohaung a Legas, duk wurare ne a Bama inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka zubar da jini. A waɗannan duwatsu mota ba ta shiga, don haka aka ɗebi dubban samari aikinsu ɗaukar kaya a ka: harsashi, abinci, har sassan igwa. Da yawansu manoma ne daga ƙauyuka irin namu, waɗanda dagaci ya miƙa wa hakimi, hakimi ya miƙa wa sarki, sarki ya miƙa wa Bature. Kafin wannan, a 1941, birged ɗin Nijeriya ne ya fara shiga Mogadishu, ya kuma ci gaba da korar Italiyawa har Harar.

A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba. Cikinsu akwai namu, an rubuta su yadda magatakardan soja ya saba: sunan mutum, sai sunan garinsu. Wane Zariya, wane Kano, wane Katsina.

Shin ko kun san cewa bindigar nan ba abokan gaba kaɗai ta harba ba? Ranar 18 ga Nuwamba 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta kan masu haƙar kwal da ke yajin aiki a Iva Valley ta Inugu, suka kashe 21. Wannan kisa ya ƙara wa masu neman 'yancin kai wuta.

Wajen lokacin samun 'yanci sojan Nijeriya ya fara komawa bindigogi masu ɗura kansu, a 1964 kuma aka kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON a Kakuri, Kaduna. Tsohuwar Mak Fo ta koma hannun 'yan sanda da masu gadin kurkuku, ta daɗe a can. Ba mu kaɗai ba ne. Dakarun da ke sintiri a ƙanƙarar arewacin Kanada sun riƙe ta daga 1947 har wajen 2018, saboda sanyin da ke daskarar da wasu bindigogi ba ya hana sakatarta motsi. 'Yan sandan jihar Uttar Pradesh ta Indiya sai ranar 26 ga Janairu 2020 suka yi mata faretin bankwana.

Mak Fo tana da 'yan uwa. Mauser ta Jamus, samfurin 1898, ita ce uwa ga yawancin bindigogin farauta na yau. Amurka ta kwaikwayi tsarinta a bindigarta Springfield ta 1903, har sai da ta biya kamfanin Mauser kuɗi. Mosin-Nagant ta Rasha ta fito a 1891, an ƙera wajen miliyan 37, kuma irin harsashinta har yau sojoji na aiki da shi. Carcano ta Italiya kuwa ita ce ta shiga tarihi ta mummunar ƙofa: da ita aka harbe Shugaba Kennedy ranar 22 ga Nuwamba 1963. Wanda ya yi harbin, ta wasiƙa ya yi odarta, kuɗinta bai kai dala 20 ba ban da na aike. Wannan na cikin abin da ya sa Amurka ta yi dokar 1968 da ta taƙaita sayar da bindiga ta gidan waya.

To me masu tarawa ke nema? Shin ko kun san cewa wadda ta sha fenti tana ƙyalli ba ita ce mai tsada ba? Abu na farko da suke dubawa lamba: ta jikin sakata ta yi daidai da ta jikin bindiga? In an yi musanya, daraja ta faɗi, kuma harba ta na iya zama haɗari sai gwani ya auna. Sai su duba hatimai: kambin sarauta, shekarar ƙira, sunan masana'anta, da alamar kan kibiya da gwamnatin Ingila ke bugawa a kayanta. Sai su haska cikin bututu su ga ko tsatsa ta ci zanen da ke murɗa harsashi. Wanda ya yanke katakon don ta yi sauƙin ɗauka a farauta, a wurinsu ya yi ɓarna. Tabon da ke jikin katako kuwa ba a gogewa, domin shi ne shaidar inda ta je. A Amurka bindigar da ta shekara 50 tana shiga rukunin kayan tarihi da ke da lasisinsa daban, wadda aka ƙera kafin 1899 kuma dokar tarayya ba ta lissafa ta cikin bindigogin zamani. Ana gasar harbi da su a Camp Perry ta jihar Ohio, da Bisley ta Ingila, filin da ake harbi a cikinsa tun 1890.

Ko kun san cewa ɗaya daga cikin manyan taskokin irin waɗannan bindigogi a Afirka aka same ta? A 'yan shekarun nan wani kamfanin Amurka ya saye dubbai daga rumbunan gwamnatin Habasha ya kwashe: na Faransa, na Italiya, na Jamus, na Ingila, wasu tun zamanin Sarki Menelik. Shi ne sarkin da ya yi dabara ya tara bindigogin zamani, ya karya Italiya a Adwa ranar 1 ga Maris 1896. Kayan da ya kamata jikokin mayaƙan Adwa su gani a gidan tarihinsu, yanzu suna kabad ɗin wani a Amurka. Wannan hasara ce, ko nawa aka biya.

Yanzu ga wadda ta fi kowace muhimmanci ga mai karatu. Shin ko kun san cewa a Nijeriya wannan sha'awa ba ta da wuri? Dokar Makamai ta 1959, wadda ke aiki har yau, ta kasa bindigogi gida uku. Na farko haramtattu, kuma a cikinsu ta ambaci bindigar soja mai harsashi .303 ƙarara, wato Mak Fo ke nan, tare da masu 7.62. Ba mai ba da izinin riƙe su sai Shugaban Ƙasa, kuma wanda aka kama da ita ba izini hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Tsufanta ko tsatsarta ba hujja ba ce, cewa gadon kaka ce ma ba hujja ba ce. Gida na biyu bindigar farauta irin mai baki ɗaya ko biyu, lasisinta na Sufeto Janar na 'yan sanda. Gida na uku bindigar toka, ita ma tana da nata izini a hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha, abin da maharba da yawa ba su sani ba. A ganina dokar ta yi daidai. Ƙasar da 'yan bindiga suka hana noma a Birnin Gwari da Giwa da Zamfara ba ta bukatar ƙarin bindiga a ɗakin kowa, tsohuwa ko sabuwa. Wadda aka ƙera a 1916 tana kisa a yau kamar ranar da ta fito daga masana'anta.

Amma hana riƙewa daban, shafe tarihi daban. Tun 2021 akwai cibiyar ƙasa mai kula da ƙananan makamai, wadda ke tattara waɗanda aka kama ta lalata. Aiki ne mai kyau. Roƙona shi ne, kafin a cinna wuta, a kira ma'aikatan gidajen tarihi su duba. In an samu mai hatimin tsohuwar rundunar Nijeriya, ko ta Faransa, ko ta Jamus, a kashe bakinta yadda ba za ta sake tashi ba, a kai ta Gidan Arewa a Kaduna, ko Gidan Makama a Kano, a rubuta bayaninta da Hausa. Umuahia na da gidan tarihin yaƙi tun 1985. Zariya, wadda ta horar da sojan ƙasar nan shekara ɗari, ta cancanci wurin da ɗalibi daga Hunkuyi ko Makarfi zai shiga ba tare da fargaba ba, ya ga abin da kakansa ya saɓa.

Ku kuma masu karatu a Saulawa da Ikara da Kudan da kewaye, akwai abin da doka ba ta hana ku tarawa ba. Ku buɗe tsohuwar adakar gida. Lambobin yabo, littafin sallama daga soja mai ɗauke da lamba da bataliya, hoton fareti, maɓallin tagulla, duk ku adana, ku ɗauki hotonsu da waya. Mazan jiyan da suka je Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, amma 'ya'yansu da suka ji labari daga bakinsu suna nan da rai. Ku zauna da su, ku naɗi muryarsu, ku rubuta sunan mutumin da ƙauyensu da shekarar da aka ɗauke shi. In kuma a cikin kayan kuka ci karo da bindigar kanta ko harsashinta, kada ku gwada, kada ku ɓoye, kada ku sayar. Ku sanar da mai unguwa ko dagaci, a kai ta ofishin 'yan sanda.